Ta Yi Zuciya

A matakala ta goma sha ɗaya ciwon yake kama ta. Indo ta ƙirga, ta san wurin kamar yadda ta san tabon ƙunar da ke bayan hannunta. Benen gidan ƙaninta Alhaji Isyaku da ke Daurawa matakala goma sha takwas ne, ruwan famfo kuma ba ya hawa sama, saboda haka kullum safiya ita ce mai kai bokiti huɗu banɗakin matarsa Hajiya Lami. Da ta taka ta goma sha ɗayar nan sai wani abu ya danne mata ƙirji kamar an ɗora mata turmi, ya bi kafaɗar hagu, ya haye muƙamuƙi. Sai ta dire bokitin, ta dafa bango, ta jira ya sake ta.

"To, an fara," in ji Lami daga sama, tana shafa mai. "Yaya Indo, in maganar jiya ce ta ɓata miki rai ki fito fili ki faɗa, ba sai kin tsaya kina yi wa mutane haki a hanya ba."

"Ƙirjina ne, Hajiya."

"Zuciya dai! Ke kam Allah ya zuba miki zuciya."

Da wannan kalmar gidan yake rufe mata baki. In ta yi shiru, zuciya. In ta ce ta gaji, zuciya. Shekara goma sha tara ke nan da aka ɗauko ta daga ƙauye bayan ta fita takaba, wai ta yi wa Lami wankan jegon Husaina ta koma. Ga Husainar nan ana shirin aurenta, Indo ba ta koma ba. Duk Tarauni an san wainar Hajiya Lami, masu suna da masu biki layi suke yi, amma wallahi ko sau ɗaya Lami ba ta taɓa juya waina a tanda ba. Ita nata amsa waya ne da cewa, "Ba komai, za a yi."

Da ba don Jummai ba, da babu wanda zai kai ta asibiti. Jummai ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune a Gyadi-Gyadi, ta zo karɓar wainar sunan ƙanwarta ta tarar da Indo a jingine da bango kusa da murhu, gumi na zuba, waina tana ƙonewa a gabanta. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa ta a mota sai asibitin da take aiki. Likita ya auna, ya yi tambayoyi, aka ɗebi jini, sannan ya rubuta a yi mata hoton siti, wato na na'ura mai leƙa cikin jiki, don a ga jijiyoyin zuciya. Isyaku ya amince, ba don Allah ba, don kunyar idon Jummai. Aka miƙa masa takardar sharuɗɗan da za a bi kafin ranar hoton, ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihun babbar riga, ita ke nan.

Ranar da aka sa mata, Indo ta gama suyar safe, ta kai ruwa sama, ta shiga adaidaita sahu ita kaɗai. Mai ɗaukar hoton wani dattijo ne mai furfura a gemu, Malam Ɗan'azumi. Ya manna mata wayoyi a ƙirji, ya dubi allon na'ura, ya girgiza kai.

"Inna, kin ci goro yau?"

"Guda da asuba, sai rabi a hanya."

"Shayi fa?"

"Yo da me zan karya, Malam?"

"Ba a karanta miki takardar ba? An rubuta ba goro, ba shayi tun daga jiya." Ya nuna mata lambobin da ke tsalle a allon. "Kin ga, zuciyarki tana buga kusan ɗari a minti, mu kuwa sittin muke nema. Abu mai motsi za mu ɗauka, in tana gudu hoton dagulewa zai yi."

Aka ba ta ƙwaya, aka jira, bugun ya ƙi sauka yadda ake so. Aka ce ta dawo Talata. Da ta koma gida ta ba da labari, Lami ta yi dariya har da tafa hannu.

"Kun ji ko? Zuciyar Yaya Indo ta gagari na'urar Turawa ma!"

Isyaku yana cin tuwo, ya murmusa. Bai ce ga takardar a aljihuna na manta ba.

Ranar Talatar, Jummai ce da kanta ta zo ta ɗauke ta, ta ƙwace ƙullin goron da ke haɓar zaninta. Aka kwantar da Indo a wani ɗaki mai sanyi, aka ce kada ta yi komai, ta kwanta kawai. Ta daɗe tana kallon silin, kunya tana kama ta, don rabon da ta kwanta da hantsi ta manta. Can Malam Ɗan'azumi ya leƙo ya ce, "Alhamdu lillahi, sittin da biyu."

Na'urar wani ƙaton zobe ce fari, da siririn gado da ke shigewa cikinta. Aka sa mata allura a jijiyar hannu, aka fesa mata wani magani a ƙarƙashin harshe, aka ce ta ɗaga hannuwa sama da kai.

"Za mu tura wani ruwa da zai haska jijiyoyin," in ji shi. "Za ki ji ɗumi ya ratsa ki har ƙasa, ki ɗauka kin yi fitsari. Ba ki yi ba, kada ki tsorata. In na ce ki riƙe numfashi, ki riƙe, kada ki motsa."

Ɗumin ya zo kamar yadda ya faɗa, bakinta ya yi ɗanɗanon ƙarfe, zoben yana gurnani a kanta. Ta riƙe numfashi, ba ta ko ƙifta ba.

"Kai, Inna, kin fi matasa iyawa," ya ce da aka fito da ita. Ya ɗago wani abu mai ƙyalli, zagayayye, da huda a tsakiya. "Jibi Alhamis za a ba ku takarda da faifai irin wannan. Hoton jijiyoyinki yana ciki, za a rubuta lambar katinki a kai. Ku kai wa likitan zuciya, kada ku yi wasa."

"Wannan ne faifai?" Indo ta yi dariya, karo na farko a makon. "Ai ko kwanon sha ba zai rufe ba."

Ranar Alhamis saura mako biyu cif a yi kamun Husaina. Indo ta ɗauko hijabi, Lami ta tare ƙofa.

"Ina kuma za ki? Ga shinkafa a jiƙe, mutanen unguwar Babban Giji da la'asar za su aiko karɓar waina. Karɓar takarda ai ba sai da ke ba, Alhaji zai biya ta can."

Ya biya ɗin. Bayan magariba ya shigo, Indo tana wanke tanda, ya tsaya daga nesa don kada ruwa ya taɓa masa takalmi.

"Yaya, sai godiya. Sun ce kalau kike. Olsa ce ta ɗan taɓa ki, sai kuma sa abu a rai. Likita ya ce ki rage zuciya."

"Haka ya ce?"

"Ƙarya zan yi miki?"

"Ina faifan? An ce za a ba da faifai."

Lami ta leƙo daga falo ta nuna bangon kicin, inda faya-fayan kaba suke rataye jere. "Ga su can, Yaya Indo, guda shida. Ki zaɓi wanda ya yi miki."

Suka kwashe da dariya, miji da mata. Indo ta sunkuyar da kai ta ci gaba da wankinta. Ta yarda, don ƙaninta ne, ita ta goya shi, kuma shi ne mai karatun boko.

Daga nan ciwon ya fara saukowa. Ranar Asabar a matakala ta takwas ya tare ta, ranar Talata a ta biyar. Aka sayo mata farin maganin olsa na kwalba, Lami kuma ta ce ta riƙa jiƙa kanwa. Gidan ya cika da hidima, ana fenti, ana ɗinki, 'yan jam'iyyar su Isyaku suna shiga suna fita tunda lokacin neman ƙuri'a ne kuma duk an gayyace su. Waina dubu biyu Lami ta yi alkawarin za a ci ranar yini, da sinasir, da funkaso, kuma ta faɗa wa duniya cewa ba za ta ɗauko masu girki daga waje ba, hannunta ya isa.

"Hajiya, ko za a samo wadda za ta taya ni?"

"A kawo bare ta ga yadda muke haɗa ƙullu ta je ta buɗe nata? Haba Yaya Indo! Bikin 'yarki ne fa, ke kika raine ta. Ki daure, bayan biki sai ki yi ta kwanciya har ki gaji."

Bayan biki. Komai nata bayan biki ne.

Ranar Lahadi da azahar tana zaune gaban tanda, ba hawa ba ɗauka, abin ya zo mata da wani irin ƙarfi da bai taɓa yi ba. Hannun hagu ya mutu, gumi mai sanyi ya jiƙa mata riga, ta rarrafa bakin rariya ta yi amai. Ta fi awa guda a nan tana kiran sunan Allah. Isyaku ya dawo daga masallaci ya gan ta. Ya tsaya. Indo ta ga fuskarsa ta sauya, ta ga tsoro ƙarara a idonsa, irin na wanda ya san wani abu. Ta ɗauka zai ce a ɗauko mota.

"A ba ta maganin nan na kwalba," ya ce, ya haye sama da sauri.

Wannan kallon ne ya tsaya mata a rai.

Ranar Talata da hantsi, saura kwana biyu kamu, Lami ta tafi kasuwar Kwari. Isyaku ya kira daga sama a zo a kwashe kayan shayi, shi ya shiga wanka. Indo ta hau tana hutawa a kowace matakala. A kan teburin gefen gadonsa ga kofin shayi da saura a ciki, an rufe shi da wani abu mai ƙyalli don ƙuda. Zagayayye, da huda a tsakiya.

Ta ɗaga shi. Tururi ya jiƙa ƙasansa, bakin kofi ya bar masa zoben shayi. Indo ba ta karanta boko, amma lamba ba ta ɓace mata, kuma lambar katinta ta haddace ta a zaman layin asibiti. Ga ta nan da baƙin alƙalami, huɗu, ɗaya, bakwai a ƙarshe. Ashe faifai ya samu aikin faifai. Jijiyoyin zuciyarta ne suke tsare wa Isyaku shayi.

Ba ta kwashe kayan ba. Ta soke shi a haɓar zani inda goro yake zama, ta sauko, ta wuce shinkafar da ke jiƙe a manyan robobi, ta zura hijabi ta fita. A bakin titi ta tsayar da adaidaita ta ce Gyadi-Gyadi.

Jummai tana shanya a tsakar gida, ta juyo ta saki rigar da ke hannunta.

"Inna! Ba kina ƙauye ba?"

"Wane ƙauye?"

"Na kira Hajiya Lami sau biyu, ta ce kin tafi gida hutawa. Likita da kansa ya sa an kira lambar da ke katinki, ta Alhaji, har sau uku. Ya ce kin yi tafiya, in kin dawo zai kawo ki." Ta dubi leɓunan Indo da yadda take jan numfashi, ta fasa sauran maganar. "Shiga mota."

Kafin la'asar an ba ta gado. Likitan zuciya ya jawo allo kusa da ita, ya nuna mata abin da ba ta taɓa zaton ɗan Adam zai gani da ransa ba: zuciyarta, da jijiyoyi uku kwance a kanta kamar saiwar rogo.

"Waɗannan su ke ciyar da zuciyar da jini, Inna. Dubi wannan ta gaban. Kin ga ta taho da kauri, a nan kuma ta tsuke kamar zare? Kitse ne ya daskare a ciki. Wannan hoton na mako biyu da suka wuce ne, lokacin da sauran hanya. Shi ya sa muka rubuta a kawo ki da gaggawa, kuma kada ki ɗaga ko buta. Na gaya wa ƙaninki baki da baki." Ya ajiye alƙalaminsa. "Ranar Lahadi da kika yi amai, ranar ta toshe. Gwajin jini ya nuna. Wani sashe na naman zuciyar ya riga ya mutu, kuma ba ya dawowa. Abin da ya rage za mu yi ƙoƙarin cetowa."

"Da na zo tun ranar fa?"

Likitan ya ture allon gefe. "Da mun buɗe ta kafin ta toshe."

Washegari da hantsi suka zo, Isyaku da Lami. Lami ta sha leshi, hannunta da lallen biki, ta dire ledar lemo a kan lokar gefen gado. Isyaku ya ƙi zama, ya tsaya ta wajen ƙafafunta yana juya makullin mota.

"Yaya, kin ba mu kunya. Ki fita ba sallama, ki je gidan bare ki kai ƙararmu?"

"Likita ya gaya maka, Isyaku?"

"Likitoci ai haka suke, komai gaggawa ne a wurinsu. Ni don ke na yi. Cewa na yi in na gaya miki hankalinki zai tashi, gara a bari a gama biki a natse, sannan in kai ki duk inda ya kamata. Mako biyu ne fa kacal. Kuma rai a hannun Allah yake, ba a hannun na'ura ba."

"Ka gan ni ranar Lahadi."

Ya dubi taga. Lami ta matso, ta sassauta murya, ta dafa gefen gadon.

"Yaya Indo, abin da ya wuce ya wuce. Yanzu dai gobe kamu, jibi yini. Mun yi magana da Alhaji, in kin sa hannu za su sallame ki na kwana uku. Ba za ki ɗaga komai ba wallahi, a kujera za ki zauna, juyawa kawai. Lahadi da kaina zan dawo da ke." Ta ga Indo ta kau da kai. "To ko ƙullun ne ki gaya mini. Shinkafar nan ta fara tsami. Yis ɗin cokali nawa ake sa wa kwano?"

Na'urar da ke saman gadon ta fara ƙara da sauri. Indo ta ji wani abu yana taso mata wanda ba ciwon ba ne, abin da aka shekara goma sha tara ana cewa tana da shi alhali ba ta taɓa fito da shi ba. Ta zaro faifan daga ƙarƙashin matashi, ta ɗaga shi yadda zoben shayin zai fuskance shi.

"Isyaku, na goya ka a bayan nan har fata ta saɓule. Ka karɓi wannan da hannunka, ka ji abin da ke ciki, ka rufe shayi da shi. Ka kalle ni ina rarrafe a bakin rariya, ka haye bene." Ta tsaya ta ja numfashi. "Kullum kuna cewa ina da zuciya. Jiya na gan ta da idona. Rabinta ya rage, kuma wallahi ba zan ƙarasa ta a gaban tandarku ba. Ke kuma Lami, wainar ai taki ce, duk Tarauni an sani. Je ki ki soya."

"Kin ji ko, Alhaji?" Lami ta miƙe tana gyara mayafi. "Ka ga irin abin da nake faɗa maka?"

Jummai ce ta shigo da gudu saboda ƙarar na'urar, ta buɗe musu ƙofa ta ce lokacin dubiya ya ƙare. Ledar lemon ma Lami ba ta bar ta ba.

An yi biki. An ce an yi kiɗa, 'yan siyasa sun zo da jiniya, an ci wainar da aka sayo a kasuwa aka juye a kulolin Hajiya Lami. Dangi sun zo daga ƙauye mota guda, cikinsu har da matan da suka yi wasan gaɗa da Indo suna yara. Daga Daurawa zuwa gadon da take kwance tafiyar minti goma ce a adaidaita, amma har suka koma babu wadda ta leƙo ta.

Sai ranar Litinin Indo ta ji dalili. Jummai ta haɗu da wata maƙwabciyar su Isyaku a bakin asibiti, ta dawo ranta a ɓace, ta daɗe tana gyara ledar ƙarin ruwan da ba ta buƙatar gyara kafin ta iya faɗa. Duk wanda ya tambayi ina Yaya Indo a wurin bikin, amsa ɗaya aka ba shi, mai gida da uwar gida baki ɗaya. Ba su ce tana asibiti ba, ba su kuma ce ta yi tafiya ba. Cewa suka yi an ɗan yi mata faɗa, ta yi zuciya ta bar gidan.

Kuma kowa ya yarda, har da masu cewa ai dama an san hali.